Ido Ba Mudu Ba: Tarihin Girkakken Fim da Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

Idan aka ambaci fim, abin da ke fara zuwa a zuciyar mai karatu shi ne gidan silima: a sayi tikiti, a zauna a kan benci, a kashe fitila, labari ya fara, ya kai ƙarshe, kowa ya kama gabansa. To amma akwai wani reshe na wannan sana'a wanda ya bar gidan silima fiye da shekara hamsin da suka wuce, ya koma zaurukan baje kolin fasaha da gidajen adana kayan tarihi. A can babu lokacin farawa, sau da yawa ma babu wurin zama. Mai fasaha yakan ɗauki ɗaki guda ya tsara shi: ya zaɓi inda haske zai faɗa, ko bango, ko ƙasa, ko rufi, ya zaɓi yawan alluna, da faɗin ƙofa, da wurin da ɗan kallo zai tsaya. Hoton yana ta juyawa ba tsayawa, mutum ya shiga sa'ad da ya ga dama, ya fita sa'ad da ya ƙoshi. Faransawa na kiran wannan aiki installation. A cikin wannan maƙala za a kira shi girkakken fim, domin girka shi ake yi a wuri kamar yadda ake girka tukunya a kan murhu, kuma in an ɗauke shi daga wurin, rabin ma'anarsa ta tafi.

Abin da masu wannan fasaha suka fi komawa gare shi shi ne jikin ɗan Adam da kusancin da ke tsakanin mutum da mutum: haihuwa, barci, wanka, jinya, mutuwa, hirar uwa da ɗiya. Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya ɗauka cewa tarihin tsiraici ne kawai da rashin ta-ido. Lalle akwai ayyukan da suka cancanci wannan zargi. Sai dai idan aka bi tarihin daki-daki, za a tarar da tambaya guda tana biye da shi tun daga tushe: wa ke da izinin kallon jikin wani, daga wace tazara, kuma a gaban wa? Girkakken fim ya tsiro ne daga ƙoƙarin amsa wannan tambaya, kuma amsar da ya bayar ita ce a fito da ɗan kallo daga cikin duhu, a ɗora masa alhakin idonsa.

Jikin da aka auna

Kafin kamara ta koyi ba da labari, awo ta fara yi. A shekara ta 1878, a Kalifoniya ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kamarori a gefen filin sukuwa don a gano ko akwai lokacin da doki ke ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa. Bayan doki sai mutum. A 1887 ya fitar da wani kundi mai manyan shafuka 781 na jerin hotunan dabbobi da mutane. Maza da mata, da yawansu babu tufafi, suna tafiya, suna tsalle, suna ɗaukar kaya, a bayansu bango mai layuka irin na takardar lissafi. A Faransa kuwa, likita Étienne-Jules Marey ya ƙera a 1882 wata na'ura mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda.

A 1895 wani likitan, Félix-Louis Regnault, ya yi amfani da irin dabarar Marey a wani baje koli da aka shirya a Pari, inda aka kawo mutanen Afirka ta Yamma aka ajiye su don Turawa su yi kallo. Ya ɗauki wata Bawolofiya tana ginin tukunya, ya ɗauki wasu suna tafiya, suna tsugunawa, suna hawan itace, da niyyar kwatanta motsin jinsunan mutane. Tarihi ya riƙe sunan likitan, matar kuwa da ƙabilarta ake ambatonta.

A ƙarshen wannan shekarar, ranar 28 ga watan Disamba, ƴan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka haska gajerun fina-finai goma a Grand Café na Pari. Ɗaya daga ciki ya nuna Auguste da matarsa suna ba jaririyarsu abinci. A 1896 kamfanin Edison ya fitar da wani fim da bai kai rabin minti ba, namiji da mace suna sumbatar juna, wanda ya jawo cece-kuce a Amurka. Ke nan ido biyu aka haifa a goyo ɗaya: idon awo, mai kallon jiki daga nesa kamar kaya, da idon gida, mai matsowa kusa da fuska. Da silima ta zama babbar kasuwa, sai ta haɗa su a cikin tsari guda. Daga 1934 kamfanonin Holiwud suka tsananta bin ƙa'idojin tace fim, aka iyakance abin da za a nuna na jiki. Amma babu wanda ya taɓa matsayin ɗan kallo: yana zaune cikin duhu, yana gani, ba a ganinsa.

Darasin Hauka

Akwai wani fim da ya shafi Nijar kai tsaye, wanda ya nuna cewa hoto ba shi kaɗai ke magana ba, ɗakin da aka haska shi ma yana da baki. Wajen 1925, a yankin Filinge, aka ga bayyanar wasu sababbin iskoki da ake kira Hauka, masu kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan mulkin mallaka. Hukumar Faransa ta takura wa mabiyansu, wasu daga cikinsu suka bi hanyar ci-rani zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can Jean Rouch ya ɗauki bikinsu na shekara a bayan birnin Akra, ya fitar da fim ɗin a 1955 da sunan Les Maîtres fous. Rouch ya sha faɗin cewa shugabannin bikin ne da kansu suka gayyace shi. Kamara ta matsa kusa ƙwarai: idanu sun juye, kumfa na zuba daga baki, an yanka kare an ci. Washegari kuma fim ɗin ya nuna mutanen nan a bakin aikinsu, cikin natsuwa da fara'a.

Da aka haska shi a Musée de l'Homme na Pari, zaure ya hargitse. Marcel Griaule, malamin Rouch, ya nemi a lalata fim ɗin. Ƴan Afirka masu ilimin boko da ke wurin suka ji an ci mutuncinsu, domin sun san abin da Bature zai ɗauka ya fita da shi. Hukumomin Ingila suka hana nuna shi a Gwalkwas, don sun ga sarautarsu ake yi wa ba'a. Duk da haka ya sami lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 1957. A 1965 Sembène Ousmane ya gaya wa Rouch ido da ido cewa masanan Turai na kallon ƴan Afirka ne kamar yadda ake nazarin ƙwari.

A filin bikin, kowa ya san ma'anar abin da jiki ke yi: wanda iska ta hau doki ne, ba a kama shi da laifin mahayi. A zauren Pari kuwa jikin nan ya zama abin ƙyama ko abin dariya. Hoto ɗaya ne, abin da ya sauya shi ne wurin zama da masu zaman. Izinin wanda aka ɗauka bai isa ya kare shi ba, tunda ba shi da iko da ɗakin da za a kai hotonsa. Masu girkakken fim ba daga Rouch suka koyi sana'arsu ba, amma matsalar da suka sa a gaba ita ce wannan.

Kamara ta shiga ɗaka

A cikin waɗannan shekarun, a Amurka, ƙaramar kamara mai fim na milimita 16 ta kai ga hannun ɗaiɗaikun mutane, aka fara yin fim na gwaji wanda ba ruwansa da kamfani ko mai tacewa. A 1943 Maya Deren da mijinta Alexander Hammid suka ɗauki Meshes of the Afternoon a cikin gidansu na Los Anjeles. Minti 14 ne: mace tana bin sawun kanta a cikin mafarki, mabuɗi yana rikiɗa ya zama wuƙa, wani mai baƙin mayafi yana wucewa, fuskarsa madubi. Sabon abu a nan shi ne matar da ke gaban kamara ita ce mai fim ɗin.

A 1959 Stan Brakhage ya fitar da Window Water Baby Moving, inda ya ɗauki haihuwar ɗiyarsa ta fari a gida, a zamanin da galibin asibitocin Amurka ba su barin miji ya shiga ɗakin haihuwa. Fim ɗin ba shi da sauti, bai kai rubu'in awa ba. Akwai ciki, da ruwan wanka, da hasken taga, da jini, da mabiyiya. Bayan an sauka lafiya, sai matar ta karɓi kamara ta ɗauki fuskar mijin. Mai kallo ya koma abin kallo, ko da na ɗan lokaci ne.

Andy Warhol ya bi ta wata hanyar. Fim ɗinsa Sleep, wanda aka fara haskawa a Niyok a watan Janairu na 1964, ya nuna marubucin waƙa John Giorno yana barci har tsawon awa 5 da minti 20. Zama a gefen mai barci abu ne na uwa, ko na mata, ko na mai jinya, ga shi an miƙa shi ga baƙi. Tsawon fim ɗin kuma ya fi ƙarfin benci, dole mutum ya tashi ya fita ya dawo. A nan aka fara ganin fim wanda ya fi dacewa da bangon zaure fiye da gidan silima. Ita kuwa Carolee Schneemann, tsakanin 1964 da 1967, ta ɗauki zamanta na sirri da abokin rayuwarta, sannan ta bi fim ɗin da kankara da launi da ƙuna, har hoton ya zama yana bayyana yana ɓuya. Ta kira shi Fuses. Abin da ta so ta gwada shi ne ko mace za ta iya nuna shaƙuwarta ba tare da ta zama haja ba. Duk waɗannan ayyuka sun sauya mai riƙe da kamara, amma ɗan kallo yana nan a maɓoyarsa.

An kunna fitila a kan ɗan kallo

A watan Maris na 1963, a garin Wuppertal na Jamus, wani ɗan Koriya mai suna Nam June Paik ya baza akwatunan telebijin fiye da goma a wani gidan baje koli, ya jirkita hoton kowanne, ya bar mutane suna zagayawa a tsakaninsu. Ana lissafa wannan a cikin mafarin fasahar bidiyo. A 1967 kamfanin Sony ya fitar da Portapak, kamara da na'urar naɗi waɗanda mutum guda zai rataya a kafaɗa. Amfaninta ga masu aiki da jiki ya wuce sauƙin ɗauka: ba sai an kai fim wurin wanki ba, saboda haka babu baƙon idon da zai riga mai shi gani, kuma ana iya nuna hoto a daidai lokacin da ake ɗaukarsa.

A 1968 wata ƴar Ostiriya, Valie Export, ta fito titi a Biyana da Munik rataye da akwati a ƙirjinta, mai ɗan labule a gaba kamar dandamalin silima. Ta ce ga silimar da ake taɓawa, wanda ya so ya sa hannu. Babu fim a ciki, jikinta ne. Duk namijin da ya matso, tana kallon ƙwayar idonsa, jama'a kuma suna kallonsa. Aikin ya tayar da ƙura, kuma ba kowace al'umma ce za ta lamunce shi ba, amma manufarsa a fili take: abin da mutum ke yi da ido a ɓoye cikin duhu, ya zo ya yi shi da rana tsaka in ya isa.

Bruce Nauman ya kai ga wannan manufa ba tare da ya tuɓe kowa ba. A 1970 ya gina wani lungu mai tsawon kusan mita 10, faɗinsa rabin mita, ya ajiye telebijin biyu a ƙuryarsa, ɗaya bisa ɗaya. Guda na nuna lungun babu kowa. Ɗayan na nuna abin da kamarar da ke saman ƙofa ke gani. Mutum ya kutsa da ƙyar, kafaɗunsa na gogar bango, ya nufi allo don ya ga kansa, sai ya ga ƙeyarsa, kuma yana matsowa hotonsa na ƙara ƙanƙancewa. Jikin da aka girka a ɗakin nasa ne. Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji, kuma a kan wannan Nauman ya dogara: minti ɗaya a lungun ya isa mutum ya san zafin a kalle shi ta baya.

A 1975 Laura Mulvey ta rubuta wata maƙala a mujallar Screen ta Ingila, inda ta bayyana cewa silimar Holiwud an gina ta ne a kan namiji mai kallo da mace abar kallo, duhun zaure kuma yana ba ɗan kallo jin cewa leƙe yake yi. Abin da masu fasaha suka riga suka gwada da akwati da lungu, ita ta ba shi suna, malaman jami'a suka ɗauka.

Uwa da ɗiya

Aikin da ya fi kowane bayyana inda wannan tarihi ya dosa shi ne na Mona Hatoum. An haife ta a Bairut a 1952, iyayenta Falasɗinawa ne. Ta je Landan ziyara a 1975, yaƙin basasar Labanan ya ɓarke, hanyar komawa ta toshe. A wata ziyara da ta kai gida a 1981 ta ɗauki hotunan mahaifiyarta tana wanka. A 1988 ta fitar da bidiyo mai kimanin minti 15, Measures of Distance, wato awon tazara. Hotunan uwar suna nan, amma a bisansu an shimfiɗa wasiƙun da ta riƙa aiko wa ɗiyarta, da rubutun hannunta na Larabci, layi bayan layi, kamar labule ko shingen waya. Ana jin muryar ɗiyar tana karanta wasiƙun da Ingilishi, a ƙarƙashi kuma ana jin su biyu suna hira da Larabci suna dariya. A cikin wasiƙun uwar ta ba da labarin fushin da maigidanta ya yi da ya iske su, ta kuma ba ɗiyar izinin yin aiki da hotunan, tare da roƙon kada ta gaya wa mahaifinta.

Mai karatu Bahaushe yana da abin fahimtar wannan aiki wanda Bature ba shi da shi. A ƙasar Hausa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma babu mai cewa ƙauna ce ta yi ƙaranci. Alkunya ita ce shaidar kusancin. Haka Hatoum ta yi: ta nuna jikin da ta fi kusa da shi a duniya, ta suturta shi da kalmomin mai jikin. Wanda bai iya Larabci ba ya tsaya a bakin shinge, wanda ya iya kuma karatu ya ɗauke masa hankali daga kallo. Izinin ma yana cikin aikin, ana jin sa da kunne.

A 1994, a cibiyar Pompidou ta Pari, ta juya kamarar kanta. Ta gina wani ɗan ɗaki kewayayye kamar rumbu, mai ƙofa biyu ƙanana, aka haska hoto a ƙasa. Da taimakon likita aka bi fatarta da ƴar kamarar duba ciki, aka shiga maƙogwaro da hanji, ana jin bugun zuciya da numfashi. Sunan aikin Corps étranger, wato baƙon jiki. Ɗan kallo yana manne da bango, hoton na ƙarƙashin ƙafarsa. An kai maƙurar kusanci, amma babu fuska, babu abin sha'awa, babu ma abin da zai ce wannan wance ce. Ta nuna cewa idan aka kawar da tazara gaba ɗaya, mutumin da ake nema shi ma ya ɓace.

Ɗaki mai allo biyu da uku

Daga shekarun 1990 majigin bidiyo ya ƙara ƙarfi da sauƙin samu, hoto ya cika bango tun daga ƙasa har rufi. A cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan akwai ƴaƴan ƙasashen da aka daɗe ana kallon jikinsu da idon awo. A 1993 Steve McQueen, baƙar fata ɗan Landan, ya yi Bear: minti 10, fari da baƙi, babu sauti. Maza biyu baƙaƙe, shi da wani, suna zagaya juna, suna harara, suna murmushi, su sarƙe, su rabu. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san wannan lokaci kafin a kama, sa'ad da ba a rarrabe wasa da faɗa. Shirun ɗakin ya sa ɗan kallo yana jin numfashin kansa, kuma duk fassarar da ya yi wa jikin nan biyu, daga cikinsa ta fito. McQueen ya ci kyautar Turner a 1999.

A 1998 Shirin Neshat, ƴar Iran mazauniyar Amurka, ta girka alluna biyu suna fuskantar juna, ta kira aikin Turbulent. A ɗaya namiji yana rera waƙa a gaban zaure cike da maza, ana yi masa tafi. A ɗayan mace cikin baƙin mayafi tana fuskantar kujeru babu kowa, sannan ta saki murya marar kalmomi, mai nishi da kuka da guɗa. Bayan juyin juya halin 1979 an hana mace rera waƙa ita kaɗai a gaban maza a Iran. Ɗan kallo yana tsakiya, ba ya iya ganin alluna biyu a lokaci guda, dole ya juya wa ɗaya baya. Aikin ya sami lambar yabo a babban baje kolin Benis na 1999.

A Benis ɗin dai, a 2001, Berni Searle ta Afirka ta Kudu ta nuna Snow White. Tana durƙushe cikin duhu, garin alkama na zubo mata daga sama har ya rufe ta ta yi fari fat, sannan ruwa ya biyo, ta tattara garin ta shiga kwaɓawa. A ƙasar da dokar wariyar launin fata ta rarraba mutane bisa ga fatarsu, farin da ya binne ta shi ta mayar abinci. An haska ta a allo biyu, ɗaya daga gaba, ɗaya daga sama.

Aikin da zai fi taɓa malamin harshe shi ne Mother Tongue, wato harshen uwa, na Zineb Sedira, wadda aka haifa a Faransa a 1963, iyayenta ƴan Aljeriya, ta koma Landan da zama. A 2002 ta jera alluna uku. A na farko tana yi wa mahaifiyarta tambaya da Faransanci, uwar na amsawa da Larabci. A na biyu ɗiyarta na tambayarta da Ingilishi, tana amsawa da Faransanci. A na uku kaka da jika ne kaɗai, babu harshen da ya haɗa su. Sai kallo, da murmushi, da sunkuyar da kai. Babu wanda ya cire ko ɗankwali, amma da wuya a sami hoton da ya fi wannan shiga cikin sirrin gida.

Inda amsar ta gaza

Ba daidai ba ne a ce girkakken fim ya warware tambayar da ya ɗauko. A 1992 Bill Viola, wanda ya rasu a 2024, ya girka alluna uku a wani tsohon ɗakin ibada na gidan tarihin birnin Nant a Faransa: a hagu mace tana haihuwa, a dama mahaifiyarsa tana kan gargarar mutuwa, a tsakiya mutum yana shawagi cikin ruwa. Mutane da yawa sun fita da hawaye. Amma mai haihuwa tana iya cewa a'a, wadda ke gargara fa? Ɗa yana da ikon ba da izini a madadin uwarsa? Kyan aiki bai share wannan tambaya ba.

Haka kuma ikon da mai fasaha ke da shi a kan ɗaki yana da iyaka. A 2005 Pipilotti Rist ta Suwis ta haska wani fim mai nuna mata biyu tsirara cikin lambu a rufin cocin San Stae na Benis, ƴan kallo na kwance suna duban sama. Kafin wa'adin baje kolin ya cika aka rufe cocin. Ɗakin yana da masu shi tun kafin zuwanta. Daɗin daɗawa, waɗannan ayyuka ana sayar da su ne ƙwaya kaɗan ga manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, ga tsadar majigi da wutar lantarki. A Afirka ta Yamma, wuraren da aka fi ganin irinsu su ne baje kolin Dakar, wanda ya keɓanta ga fasahar Afirka ta zamani tun 1996, da taron masu hoto na Bamako da aka fara a 1994. Fasahar da ta fito don ta tuhumi mai kallo ta ƙare a hannun ƴan kallo ƙalilan.

Kammalawa

Duk da haka tambayar ta iso ƙasar Hausa ta wata ƙofar. A 2007, a Kano, wani gajeren bidiyo na sirri da aka ɗauka da salula ya kuɓuce daga hannun masu shi, ya bi wayoyi. Aka dakatar da ɗaukar fina-finan Hausa na tsawon watanni, aka tsananta tacewa, kuma mafi yawan nauyin ya faɗa a kan macen da ke cikin hoton. An tuhumi wadda aka ɗauka, an tuhumi sana'ar fim baki ɗaya, amma dubban da suka karɓa suka kalla suka tura wa na gaba, babu wanda ya kunna fitila a kansu. Duhun gidan silima ne ya dawo, ya ƙanƙance ya shiga aljihu.

A yau ɗalibai da yawa suna zuwa makaranta da kamarar da ta fi ta Brakhage da ta Nauman ƙarfi. Malami ko ƙungiyar raya al'adu ba su bukatar zuwa Benis kafin su amfana da wannan tarihi. Salula uku da bangon aji sun isa a maimaita gwajin Sedira da kaka mai Hausa zalla da jika mai Faransanci, in sun yarda, kuma in an gaya musu ɗakin da za a nuna su da waɗanda za su zauna a ciki. Daga likitan da ya auna Bawolofiya a 1895 zuwa ɗiyar da ta lulluɓe uwarta da wasiƙu a 1988, abin da ya sauya shi ne sanin cewa hoton jikin wani amana ce, kuma mai kallo yana cikin masu riƙon ta. Magabata sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Sanin kimar nan koyonsa ake yi, kuma aji yana cikin wuraren da ake koyonsa.